Kada Ka Tsallake Ɗan Kowa

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya cika da hantsin wata Talata, ana tsakiyar karyar masara. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A rediyo an kira shi Manjo Janar mai ritaya, aka jero garuruwan da ya yi aiki da lambobin da aka maƙala masa a ƙirji. A garinmu, da ke tsakanin Funtua da Malumfashi, Janar kawai ake cewa. Mu 'ya'yan ƙanwarsa kuma Kawu muke cewa.

Kafin azahar ƙofar gida ta cika. Babban ɗansa ya bugo waya daga Abuja, wai a jira su, a kuma jira sojoji, don akwai faretin da ake yi wa irinsu. Liman ya karɓi wayar ya ce, "Alhaji, gawa ba ta jiran fareti. Shi kansa mamacin, ka taɓa ganin ya jira wani?" Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, aka ci gaba da haƙar kabari. Bayan la'asar muka kai shi.

Sojojin sun zo washegari da tuta da begila. Suka jeru a bakin kabari, suka ƙame, suka harba bindiga sama. Ba wanda ya tuna ya yi wa mutanen bayan gari shela. Mata suka kwashi 'ya'yansu suka faɗa cikin dawa, sun ɗauka ɓarayin daji ne suka shigo da rana tsaka. Sai da muka bi su muna kira, muna cewa girmamawa ce ake yi. Wata tsohuwa ta fito tana kakkaɓe zani ta ce, "Girmamawar nan ta kusa karya mini ƙafa."

Masu ta'aziyya kowa da irin Janar ɗin da ya sani. Wani tsohon saje ya zo daga Kafur a kan babur, da sanda a hannu. Aka shimfiɗa masa tabarma ya ƙi zama, wai bai taɓa zama a ƙofar mai gidansa ba. Ya ce, "Sau biyu yana sa a kulle ni a bariki, kuma duka biyun ni ne da laifi. Amma a daji bai taɓa kai loma baki ba sai ya ga ƙaramin kurtu ya ci." Wani manomi daga wajen Dandume ya yi addu'arsa, ya shafa, sannan ya juya ya ce da na kusa da shi, "Allah ya jiƙansa. Amma Janar guda a ƙasar nan, gona ta gagare mu zuwa." Na ji shi. Shi ma gaskiyarsa ya faɗa.

Abin da ya sa na ɗauki biro ya faru ne a cikin gida, kuma matata ce ta ba ni labari. Bayan an yi wa Kawu wanka an sa shi a likkafani, aka kira mata na jini su shigo su yi masa addu'a, su yafe masa, kamar yadda aka saba. Kowace ta durƙusa ta ce, "Na yafe maka duniya da lahira." Da aka zo kan Inna, mahaifiyata, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, ta tsaya a kansa ta daɗe. Sannan ta ce, "Allah ya jiƙan musulmi," ta juya ta fita. Matar Kawu ta bi ta da kuka tana cewa, "Haba Goggon yara, ko kalma ɗaya?" Inna ba ta waiwayo ba.

Kowa a danginmu ya san dalili. Amma bari in fara faɗin wane ne mutumin.

Kawu bai shiga boko don ana son sa ba. A zamaninsu idan aka ce kowane gida ya kawo yaro, mai uba ɓoye shi ake yi a rumbu, maraya ake turawa. Mahaifinsu ya rasu, sai dangi suka nuna shi. Ya kan ba da labarin yana dariya, ya ce, "Da babana na da rai, da yanzu ina da shanun huɗa biyu da kwanciyar hankali." Daga makaranta ya shiga soja. Yana ƙaramin hafsa yaƙin basasa ya same shi, ya dawo da tabo a cinya wanda ke tashi duk damina. Aka yi ta yawo da shi daga wannan bariki zuwa wancan, aka tura shi ƙasashen waje, aka dawo da shi, anini na ƙaruwa a kafaɗa, gashi na raguwa a ka. Mu a gida ba mu san bambancin kanar da birgediya ba. Mun dai lura duk zuwan da zai yi, motocin da ke bayansa sun ƙaru.

Da ya yi ritaya an zaci Kaduna zai zauna. Sai ga shi da akwatunansa, ya ce noma zai yi. Ni na zama mai kula masa da gona, shekara da shekaru, don haka na san shi a bakin kunya fiye da yadda 'ya'yansa suka san shi a falo.

Noman ma irin na soja ya yi. Da sassafe zai bi layin masara hannu a baya, kamar mai duba fareti, in ya ga wadda ta karkace ya tsaya ya harare ta. Kafin 'yan ƙodago su fara aiki sai ya duba ƙafafunsu. Mai faso ko ƙaya, a ba shi magani tukuna. Yana cewa, "Soja da manomi, duk ƙafa ce jarinsu." Idan aka kawo abinci gona shi ne na ƙarshen ci, ko da ƙanzo ne ya rage. Idan aka ce ɗaurin aure ƙarfe goma, goma saura kwata yana ƙofar gidan, masu gida ko shara ba su yi ba. Har aka riƙa yi masa ƙarya a katin gayyata, a ƙara masa awa biyu. Ya gane, ya riƙa ragewa da kansa.

Yana da zafi, ba zan ɓoye ba. Ya taɓa korata daga gona a gaban mutane don na bar taki a rana. Kwana uku ban je ba. Ran na huɗu ya zo ƙofar gidana da kansa, bai ba ni haƙuri ba, cewa ya yi, "Kai, masarar nan ta ce ba ta san muryata ba." Na ɗauki fartanyata na bi shi.

Shekarun ƙarshe su ne suka gajiyar da shi. Da ɓarayin daji suka matsa wa ƙauyukan yamma da mu, mutane suka riƙa zuwa da tabarmi a ka. Kawu ya sa aka fitar da buhunan sitonsa aka jibge a waje, ya zuba iyalai a ciki. Na ce masa ruwa zai ɓata hatsin. Ya ce, "Hatsi ba ya tari." Amma abin da mutane ke so a wurinsa ya fi wurin kwana. A masallaci, a kasuwa, sai ka ji an ce, "Janar, ina yaran naka? Ka buga waya mana." Yana bugawa. Na sha zama kusa da shi yana kiran waɗanda ya rena a aiki. Su gaishe shi da ladabi, su ce ranka ya daɗe za a duba. Ya ajiye wayar a kan cinya. Babbar gonarsa ta bakin daji shekara uku ba mu taka ta ba. Mutumin da ya ja dubban sojoji ya koma noma fegin bayan gida. Wata rana ya ce mini, "Kaki riga ce ta aro. Ranar da ka tuɓe, muryarka ma tuɓewa take."

Yanzu maganar Inna.

Yayana shi ne ɗanta na fari. Kun san yadda abin yake a wurin iyayenmu: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in an yabe shi ta kau da kai. Inna ta riƙe wannan kunya da ƙarfi. "Yaron nan" take cewa, ko "wancan." Yana shekara bakwai Kawu ya ɗauke shi riƙo, ya sa shi makaranta. Ni kuwa ta ce ɗaya ya isa, shi ya sa allo kaɗai na yi. Yayana ya girma a bariki, shi ma ya sa kaki.

Wata shekara labari ya zo cewa za a tura bataliyarsu yaƙi a wata ƙasa can bakin teku. Inna, wadda ba ta taɓa wuce Zariya ba, ta ƙulla daddawa da kuka ta ce in raka ta Kaduna ta gaida yayanta. Lokacin Kawu na da babban ofis, sunayen masu tafiya sai sun bi ta teburinsa. Muka same shi a gida. Ta gaishe shi, ta yi maganar damina, ta yi maganar rufin ɗakin da ke yoyo, ta ba da labarin wanda ya mutu da wanda ya haihu. Ba ta ambaci abin da ya kawo ta ba. Can Kawu ya ce, "Auta, yaron nan an sa shi cikin masu tafiya. Kina da magana?"

Ta juya fuska wajen bango ta ce, "Wane yaro? Ni ina ruwana da shi? Ai naka ne, Yaya."

Kawu ya dube ta, ya ce, "To, shi ke nan."

Duk wanda aka haifa a ƙasar nan ya san mace ba ta shiga mota tun daga garinmu har Kaduna don ta kai daddawa. Yayana ya tafi. Gawarsa ma ba mu gani ba, akwatinsa aka kawo da takarda.

Tun daga ranar Inna ba ta ƙara cewa Yaya ba. In ya shigo gaishe ta, sai ta ce, "Sannu da zuwa, Janar," ta shige ɗaki. Duk kaka yana aiko mata da buhun masara da na dawa, duk kaka tana rabar da su a unguwa kafin rana ta faɗi. Dangi suka yanke hukunci cewa zaman bariki ya toshe masa kunne, ya zama Bature, sai an faɗa masa magana ɓaro-ɓaro yake ganewa. Ni ma haka na ɗauka. Amma akwai abin da ni kaɗai na sani. Sau da yawa in tana tsintar wake ita kaɗai, na kan ji tana cewa a hankali, "Da na buɗe bakina. Da dai na buɗe bakina." Shekara kusan talatin tana ɗauke da wannan. Ba ta yafe masa ba, ba ta kuma yafe wa kanta ba.

Shekara huɗu da suka wuce Kawu ya fara matsa mini in shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi Asabar da Lahadi a makarantar firamare. Na ce, "Kawu, da furfurata? Jikokina su gan ni da jakar littafi?" Ya ce, "Akwai abin da zan ba ka, ba na so wani ya karanta maka." Na shiga. Kaina ba mai saurin ɗauka ba ne, amma ban fashi ba. Duk Litinin a bakin gona sai ya miƙo mini buhun taki ya ce in karanta abin da ke jiki.

Da damina ta bana ta kama, idonsa ya yi rauni sosai. Ya kira ni zaure ya ba ni wani littafi mai baƙin bango, ya sha hannu har gefensa ya yi laushi. Ya ce tun yana ƙaramin hafsa yake rubuta shi, da Hausa. Duk sojan da ya mutu a ƙarƙashinsa yana da shafi: sunansa, garinsu, yadda ya mutu, da abin da aka gaya wa iyayensa. Na ce, "Yayana na ciki?"

Ya ce, "Yana ciki."

"A wane shafi, Kawu?"

Ya ɗaure fuska irin ta da. "Ka fara daga farko. Kada ka tsallake ɗan kowa don ka kai ga naka."

Na bi umarni. Rubutunsa irin mai haɗe-haɗen nan ne na mutanen da, ba irin na allon ajinmu ba. Wani shafin sai in yini a kansa. Ga aikin gona, ga ciwon ido. Kullum bayan la'asar in zauna a gindin ɗorawa in karanta ɗaya ko biyu. Akwai mutanen Katsina, akwai na Filato, akwai waɗanda sunansu ya gagari harshena, akwai Kiristoci da yawa. Wani, Kawu ya rubuta a ƙasan sunansa, "Yana son rake." Wani, "Ni na tura shi ɗebo ruwa." Kawu kan tambaye ni, "Ina ka kai?" In faɗa masa suna. Ya rufe ido ya ce, "Dogo ne, mai wushirya. Ci gaba."

Ban kai ba ya rasu. Wannan shi ne abin da ke ci mini rai. Da na fi haka saurin karatu, da wataƙila su biyun sun zauna a tabarma ɗaya. Ranar sadakar uku na ɗauko littafin da niyyar in buɗe tsakiya in nemo shafin. Na riƙe shi na daɗe. Sai na koma inda na tsaya.

Saura kwana shida a yi sadakar arba'in na kai shafin. Ga abin da ya rubuta a ƙarƙashin sunan yayana, na kwafe shi yadda yake:

"Auta ta zo Kaduna. Na san abin da ya kawo ta tun kafin ta zauna. Ta ce ina ruwanta da shi, na kuma san abin da take nufi, don uwa ɗaya ta goya mu. Takardar na hannuna. In na cire shi, dole in sa wani a gurbinsa, wanda uwarsa ba ta da yaya a bariki. Ban cire ba. Ko da ta faɗi ƙasa ta kira sunansa, ba zan cire ba. Ba bakinta ne ya tura shi ba, hannuna ne. Na kasa gaya mata. Na tsaya a gaban harsashi, amma idon Auta ya gagare ni."

Na karanta sau uku don in tabbata ban yi kuskure ba. Da safe na tafi wurin Inna. Na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Na gaishe ta, na zauna, na ce Kawu ya bar saƙo.

Ta ce, "In hatsi ne, ka san inda ake kai shi."

"Ba hatsi ba ne, Inna. Rubutu ne."

"To ka kai wa masu boko."

"Ni ne mai bokon. Don wannan ya sa ni makaranta."

Ba ta ce karanta ba, ba ta ce bari ba. Na fara. Ina tsayawa a kan kalmomi, ita kuwa hannunta bai daina ɓara ba. Da na kai wurin da ya ce ko da ta kira sunansa ba zai cire ba, sai na ji gyaɗar ta daina ƙara.

Ta ce, "Maimaita nan wurin."

Na maimaita.

"Ashe ya ji."

"Ya ji, Inna."

"Ya ji, ya ƙi. Ko na faɗa, ba zai cire ba?"

"Haka ya rubuta."

Ta sauke wani dogon numfashi, irin na wanda ya sauke dami bayan tafiya mai nisa. Ta ce, "Mugun mutum. Shekara talatin ya bar ni ina cizon harshena." Hawaye na zuba, ba ta share ba. "Mai taurin kai tun yana yaro. Baki gare shi na tsawa, amma na magana babu."

Can ta ce in nuna mata inda sunan yake. Na ɗora yatsanta a kai. Ta shafa shi a hankali ta ce, "Haka ake rubuta shi? Ɗan kaɗan haka?" Ta ce in karanta. Na kira sunan yayana a tsakar gidan da ba a taɓa jin sa daga bakinta ba. Leɓenta ya motsa, amma ban ji sauti ba, ban kuma tambaya ba.

Na yi shirin rufe littafin. Ta riƙe hannuna.

"Wa ke bayansa?"

Na juya shafi. Wani ne daga wajen Matazu, rana ɗaya suka faɗi. A ƙasa an rubuta, "Shi kaɗai ne namiji a wurin uwarsa."

Inna ta daɗe tana kallon shafin da ba ta iya karantawa. Ta ce, "Ita ba ta da wanda za ta kai wa daddawa." Ta janyo ƙwaryar gyaɗarta. "Gobe in ka taso daga gona ka zo ka karanta mini na gaba. Kada ka tsallake."

Na miƙe zan fita, na kai bakin ƙofa, ta kira ni.

"In ka bi ta maƙabarta, ka ce wa Yaya na yafe."

Na tsaya. Rabon da in ji kalmar nan a bakinta tun a falon Kaduna.

Ta ce, "Kuma na ji an ce rubuta labarinsa kake yi. To ka rubuta cewa na daɗe ban yafe ba. Kada ka gyara."

Ban gyara ba, ga shi na rubuta.

Na je maƙabarta da la'asar na isar da saƙo. Ƙasar kabarin ta fara kwantawa, furannin roba da sojoji suka ajiye awaki sun ja su gefe. Gonar bakin daji har yau ba mu taka ta ba. Littafin kuma da sauran shafuka da yawa, ni da Inna muna bin su ɗaya bayan ɗaya, ita da gyaɗarta, ni da yatsana a kan layi.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa abin da muka sani da wanda shi kaɗai ya sani. Allah ya jiƙan yayana, da na bayansa, da na bayan na bayansa, har shafin ƙarshe. Mu kuma da muka rage, Allah ya ba mu ikon faɗin magana tun mai jin ta yana da rai.